Mangwaro a Gonar Aro

Gonata aka bayar aro ba a tambaye ni ba. Mijina ne ya bayar, ƙaninsa ya karɓa, ni kuwa a bakin mota na ji labari, ana ɗaure katifa da igiya. Har yau ban yafe ba, kuma masu ce mini haƙuri adon mace ne su riƙe adonsu.

Gonar nan ba ta mijina ba ce, ba kuma ta ubansa ba. Ta ubana ce. Da ya rasu aka raba gado, yayyena maza suka kwashe na fadama, ni aka yanka mini wani ɗan tsiri a tudu, bayan Gafasa, ta hanyar da ke fita Gaya. Ba ta da girma. Amma akwai ɗorawa a kusurwar gabas, akwai gamba a iyaka wadda Baba ya dasa da hannunsa, kuma shekara da shekaru takin awakina can yake tafiya a kan jaki. Geron da muke kunu da azumi daga nan yake fitowa, haka gyaɗar da nake ƙuli da ita.

Abin da ya tashe mu daga gari, wani abokin Malam ne, wato mijina, da ya zo hutun salla da shadda mai ƙyalli da waya biyu, ɗaya ma ba ta kira, ta riƙewa ce kawai. Ya ce wa Malam a Abuja ko ƙasa ka tara a faranti sai an saya. Ya ce akwai rumfar hatsi da babu kowa a ciki, akwai gida a sabuwar unguwa, mutum kawai ake jira. Tun daga ranar tuwon gidana ya daina yi wa Malam daɗi. Kafin wata ya zagayo 'yan majalisar ƙofar masallaci sun raɗa masa Alhajin Abuja, shi da ko filin jirgi bai taɓa gani ba, kuma yana amsawa.

Sai ya shiga gyara mu. Ya ce a can ba a daka, don haka turmi ba zai hau mota ba. Ya ce a can ba a kiwo, gidaje a jere suke kamar haƙora, don haka na rarraba awakina a gidajen 'yan'uwa. Ya ce yara su daina cin abinci suna lashe hannu. Na yi ta binsa da to, don na san zazzaɓi ne, in ya gama cinsa zai sauka. Ban san har gonata zazzaɓin ya taɓa ba.

Ranar tafiya maƙwabta sun cika ƙofar gida ana sallama, masu kuka na yi, masu duba abin da muka mallaka na dubawa. Sai ga ƙanin Malam, wanda tun ina amarya muke wasa da shi, ya iso yana washe baki.

"Matar Yaya, ki tafi hankalinki kwance. Gonarki tana hannu na gari."

"Wace gonar?"

"Au, Yaya bai gaya miki ba?"

Na juya wajen Malam. Mutumin nan ya duƙufa a kan igiyar katifa kamar ita ce za ta kai mu lahira. Bai ɗago ba ya ce, "Aro ne kawai, kafin mu zauna da gindinmu. Da a bar ta ta zama saura fa?"

Ba a tashin faɗa a gaban masu rakiya. Na haɗiye. Abu ɗaya na ce wa ƙanin nasa, kuma na faɗa da ƙarfi yadda mutane za su ji: "Gero, wake, gyaɗa. Abin da za ka girbe ka tashi."

Ya yi dariya. "Ke da za ki je cin kaza a Abuja, ina ruwanki da gero?"

Ni ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na yaye autana na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zama a benci ɗaya da sa'o'in 'yata, ana yi mini dariya ina yi musu. Amfanin farko da karatun ya yi mini a wannan tafiya shi ne allon bakin titi. Da muka sauka na tsaya na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, allon nan Jihar Nasarawa ya ce."

"Duk Abuja ce," in ji shi.

Abujar kuwa sai ka hau tudu ranar da gari ya washe sannan ka hango ta can, kamar garin da aka zana a jikin kalanda. Unguwar tamu tana da ƙatuwar ƙofa ta ƙarfe, da maigadi mai hula da sanda, amma babu katanga. Mai mota sai ya tsaya ya yi hon a buɗe masa. Awakin mutane kuwa, waɗanda aka ce mini ba a kiwo, ta gefen ƙofar suke zagayowa su shigo ba sallama. Duk sanda na gan su sai na tuna nawa.

Ruwa sai an saya wajen 'yan garuwa. Kuka, wadda a gida yara ke hawa su zazzago, a can ƙulla ta ake yi a leda kamar maganin ciwon kai. Maƙwabciyata ta dama mun yi damina guda ban san ko tana da haƙora ba. In aka yi ruwan sama, hanyar unguwa takan zama kunu, sai ka ga manyan mutane da takalma a hannu suna ɗaga wando. Malam yakan fita tun da duhu ya dawo yana zagin cunkoson motoci, amma ranar Juma'a sai ya sa babbar riga ya tsaya a ƙofar gidan wani mai bene a ɗauke shi hoto, a aika Gafasa. Ni ban taɓa tona shi ba. Rumfar hatsin dai tana ciyar da mu, wannan ba zan yi ƙarya ba.

Kakar farko ƙanin Malam ya aiko mini da ɗan gero a buhun siminti, wai in ɗanɗana. Kaka ta biyu gaisuwa ce ta zo.

Da damina ta sake kamawa aka ce Gwaggo, ƙanwar Babana, ba ta jin daɗi. Na bar yara wajen babbarsu na hau mota zuwa Kano, daga nan Gaya, daga Gaya ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni yana tambayata ko gaskiya ne a Abuja ba a ɗauke wuta. Na ce masa ya duba gabansa.

Na sami Gwaggo a kan tabarma, jiki ya yi sauƙi, baki kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ko mayafi ban cire ba ta ce, "Kin je kin ga 'ya'yan da aka haifa miki?"

"Waɗanne 'ya'ya, Gwaggo?"

"Sha ruwa ki je gona."

Na je. Daga nesa ɗorawar Baba tana nan yadda na bar ta. Da na matso sai na ga an ture gero gefe guda, an buɗe fili a tsakiyar gonar, an jera dashen mangwaro sahu-sahu. Kowanne an kewaye shi da ƙaya, an yi masa ɗan gurbi na tara ruwa, an zuba masa taki. Ganyensu shar, har da jan toho. 'Ya'yan cikin ƙanin Malam ma ba su samun irin wannan kulawa, don na gan su a hanya da majina har baki.

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai ce to mene ne, itace ne. A wajenmu ba a dasa itace a gonar aro. Mai aro yakan shuka abin da zai mutu a shekararsa, ya kwashe ya ba da wuri. Wanda ya dasa itace cewa yake yi na zauna. Shekaru za su tafi, waɗanda suka ji an ce aro ne su mutu ko su manta, itacen kuwa yana nan yana ƙara kauri. Ranar da magana ta kai gaban dagaci, ba a fara tambayar uban wa ya sare dajin, sai a nuna a ce, wa ya dasa wancan? Haka aka yi wa Gwaggo. Da aure ya kai ta Kademi ta bar tata gonar a hannun ɗan baffanta, ya dasa gwaiba. Da mijinta ya rasu ta dawo, gwaibar ta fi ta baki. Yanzu jikokin mutumin ne ke sayar mata da gwaibar a tire.

Daga gonar ban koma gidan Gwaggo ba, gidan ƙanin Malam na zarce. Yana tsakar gida yana gyaran fartanya.

"A'a, mutanen Abuja! Saukar yaushe? Ina tsarabata?"

"Tana nan, za ta iso ka. Wa ya dasa mangwaro a gonata?"

"Haba matar Yaya, ko gaisawa ba ma yi ba? Kin yi fari fa."

"Wa ya dasa?"

Ya ajiye fartanyar. "Ai ke ba kya jin rediyo. Cewa ake yi kowa ya dasa itace, hamada tana tahowa. Kyauta ma aka raba su."

"Hamadar ta tsallake taka gonar ta faɗo tawa?"

Matarsa da ke tankaɗe a gefe ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa.

"Tawa ƙasar ba ta riƙe ruwa," in ji shi. "Kuma ni alheri na nufa. Inuwa nake yi miki. Gobe 'ya'yanki ne za su sha."

"A tire?"

Nan ya daina dariya. Ya ce shi dai da Yaya ya yi magana, gona Yaya ne ya ba shi, in akwai ƙorafi a bi ta wajen Yaya. Ya ce mata in sun shiga birni sai su dawo da ido a tsakar ka. Na ce masa idon nan da shi na tafi, bai lura ba ne.

Na fito na kira Malam a waya. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Yanzu saboda 'yan itatuwa kika kira ni ina tsakiyar ciniki? Ki bar shi, in na zo da salla sai mu zauna."

"Malam, mangwaro ba ya jiran salla. Kafin ka zo saiwarsa ta kai inda hannu ba ya kaiwa."

"Kada ki ja mini abin kunya a gari. Mutane na ganin girmana. Wai ma me za ki yi da gona, ke da kike zaune a Abuja?"

"Nasarawa," na ce.

Ya kashe wayar.

Na tsaya a bakin hanya da wayar a hannu. Gidanmu na can na haya ne, rumfar ta wani ce, ƙofar ƙarfen da maigadinta ba su san sunana ba. Ranar da mai gidan hayar ya ce a tashi, ko ƙafar Malam ta gaza, abin da zan nuna in ce nawa ne a duniyar nan shi ne ɗan tsirin nan da ɗorawarsa. Shi ne kuma ake so in bari sai salla.

Da na koma na ce wa Gwaggo ta ara mini adda. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ashe karatun naki bai kai nan ba. In kika sare, ke ce mai ɓarna, shi ne mai ƙara. Zai tara mutane ya nuna musu kututture yana share hawaye."

"To in zuba ido, irin yadda kika zuba?"

Ban so na faɗi haka ba, amma ya riga ya fita. Tana murza carbi ta ce, "Ni ban ce ki zuba ido ba. Cewa na yi kar ki sare. Dagi yana bayan rumbu. Baro kuma sai ki tambayi maƙwabta."

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗaura zani a kan doguwar rigar da na zo da ita, na ɗauki dagi da ɗan kwanon wake, na tura baro zuwa gona. Ƙasa da laushi, an yi ruwa shekaranjiya. Na janye ƙayar a hankali, na haƙa kowane dashe da faɗi, na ɗago shi da ƙasarsa yadda ake ɗaga jariri daga wanka. Duk ramin da na bari na jefa masa wake na rufe da dunduniya. Ƙaya ta soke ni, bayana ya yi ta ƙara, amma ko ganye ɗaya ban karya ba.

Rana ta ɗan ɗago lokacin da na shigo gari da baron. Ban bi ta lungu ba, ta ƙofar masallaci na bi, inda 'yan majalisa ke shan koko kafin su wuce gona. Suka bi ni da kallo, wasu suka taso da kofunansu a hannu. A ƙofar gidan ƙanin Malam na tsaya na yi sallama har sai da ya fito, sannan na sauke su ɗaya bayan ɗaya, na jera a jikin dakalinsa.

"Ga tsarabarka," na ce. "Duba su a gaban mutane, lafiyarsu ƙalau. Ka yi sauri ka kai su taka gonar, hamada tana tahowa."