Kalmar da Na Fassara wa Kawu

A shekarun da aka hana shigo da alkama, kowa a wajenmu ya duƙufa noman rani, ni kuwa ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Ina cikin malaman nan da aka gasa a gurguje aka watso karkara. Turancina bai wuce na gaisuwa da rubuta takardar neman izini ba, amma da yake babu mai tona ni, sai na zama ƙamus ɗin gari. Biro uku nake saƙalewa a aljihun gaba, biyu ba sa rubutu.

Kawuna yana da Islamiyya da gonar tumatir a bakin kanal. Amininsa kuwa shi ne dattijon da ke buɗe mana ƙofar ruwa, ɗan Katolika daga kudancin Kaduna, muna ce masa Mai Ruwa. Kullum bayan la'asar sai su baje a tabarma ɗaya, su raba goro, su yi ta musu a kan Annabi Isa. Shekara bakwai babu wanda ya matsa ko taƙi, babu kuma wanda ya yi fashin zuwa.

Wata rana Mai Ruwa ya zo da littafi ɗaure a bayan keke, kaurinsa ya kai bulo. Ya ce Fada, limamin cocinsu, ne ya ba shi aro, ƙamus ne na tushen aƙidarsu, kuma akwai babi guda a kan zama da Musulmi. Har ya sa tsinke a wurin.

"Malam, ba wa ticha ya karanta maka. Za ka ji daɗi."

Na kai littafin gida, kwana uku muna kallon juna. Kowace kalma sai ka sha ruwa kafin ka kai ƙarshenta. Wadda ta fi yawo a babin ita ce dayalog. Hedimastanmu na nan, da na tambaye shi da an wuce wurin. Amma ni, ticha guda, in tambayi wani? Sai na yi ijtihadi irin na jahilai: na san farkon kalmar, wato "dai", a Turanci mutuwa ce, saura kuwa ko me ta zama.

"Kawu, muƙabala ce, ta a mutu ko a yi rai," na ce masa. "Cewa suka yi a zaunar da Musulmi a ƙure su."

Kawu ya shafa gemunsa. "Ashe shekara bakwai karantata ake yi, ni ina ba da goro."

Ranar Juma'a bayan an sauko ya tara jama'a, har da masu kwandon tumatir da ba su san alif ba, amma suna son ganin an kayar da wani. Ya jera littattafai a gabansa kamar mai shirin talla. Mai Ruwa ya iso cikin rigarsa ta zuwa coci, da ƙullin goro a hannu. Ko gaisuwarsa ba a amsa da kyau ba Kawu ya hau shi da tambayoyi, wata kan wata, ba ya ma jiran amsa.

Da Mai Ruwa ya samu sarari, sai ya ce a hankali, "Malam, ni ba faɗa na kawo ba. Fada ya ce mini ma'anar kalmar hira ce, kowa ya saurari ɗan'uwansa. Na ce ashe abin da muke yi ni da kai har a littafi yake."

Nan take shafukan da suka gagare ni suka buɗe a kaina. Gaskiyarsa ce, kuma na sani.

Kawu ya juyo. "Ticha, hira ce ko muƙabala?"

Iyayen ɗalibaina duk suna wurin, sun zuba mini ido.

"Muƙabala ce, Kawu."

Mai Ruwa ya dube ni, ya daɗe. Tsaf ya gane. Da ya so, sai ya ce a kira hedimasta, in zama abin dariya daga nan har Kadawa.

"To," ya ce. "Ticha ya fi ni boko."

Aka yi kabbara. Masu tumatir suka watse suna baza labari wai Kawu ya kayar da Paparoma a bakin kanal, shi ma Kawun bai musa ba. Ni kuma darajata ta ƙaru, har daga Madobi aka fara kawo mini wasiƙu.

Ruwa bai taɓa makara a gonarmu ba bayan nan. Mai Ruwa zai buɗe ƙofa a kan lokaci, ya ɗaga hannu daga nesa, ya hau kekensa. Har aka yi masa canjin wurin aiki bai sake zama a tabarmar Kawu ba. Ina jin kunyar abin nan har yau.

Ran da ya tafi, Kawu ya kira ni gefe, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kai da ka karanta littafin, babu inda suka ce bayan muƙabala a ci gaba da zumunci?"

Na ce masa ban kai shafin ba.