Furfurar Maman Nedu a Kan Susanna

Maman Nedu ta yanke gashin kanta, ta ɗinka wa matata Susanna hular gashi da shi. Maganar ke nan. Sauran duk bayani ne.

Sunanta Chinwe. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu jikokina. Shagonta na kitso da gashin kanti yana kallon shagona na kafinta, titi ne kawai a tsakaninmu, tun tana goyon Nedu har ga shi yau Nedu da gemu. Ni ba na son gashin kanti, kuma ta sani. Amma idan an yi aiki daidai, ina ganewa.

Kullum da safe, kafin ta share shago, takan fito da kujera ɗaya ta ajiye a bakin ƙofa, inda rana ke sauka. Ba ta zaɓa wa mace gashi a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ta ce wutar shago maƙaryaciya ce. Sai ta zaunar da mace a rana, ta buɗe gashin tun daga tushe, ta kara na kanti a gefensa, ta ja da baya ta kanne ido ɗaya. Mu a wajenmu gashi baƙi ne kawai. Ita a wajenta akwai baƙin gawayi, akwai mai ja-ja, akwai wanda man shafawa ya koɗar. Lambar kala da ke jikin ledar gashi ba ta dame ta ba. Idan kala ɗaya ba ta hau ba, sai ta haɗa biyu, ta yi ta ja tana ninkewa da hannu har su shige juna.

'Yan jami'a sukan cika keke daga Samaru su zo wajenta. Na ji ta da kunnena da wata amarya, Bukola.

"Mama, baƙi ƙirin nake so."

"Naki ba baƙi ƙirin ba ne, 'yata. Idan na sa miki wannan, a hoto za a ce kin aro kan wata."

"Ango ba zai lura ba."

"Ango ba ya lura da komai. Ƙannensa mata fa?"

Bukola ta nemi kujerar rana ta zauna.

Bara Susanna ta kwanta da ciwon daji. Maganin asibiti ya kashe ciwon, ya kwashe gashin gaba ɗaya. Duk wanda ya san Susanna ya san farin gashin da ke gefen goshinta na hagu. Tun tana budurwa yake leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali. Ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu. Ta warke, ta ƙi fita. 'Ya'yanmu, su Kefas, sun aiko da hular gashi, baƙa wuluk tana ƙyalli. Ta sa, ta dubi madubi, ta ce, "Wannan ba ni ba ce." Ta daina zuwa sujada. Masu dubiya su zo, ta ce a ce tana barci. Abinci ma sai an yi da gaske. Likita ya ce jiki ya yi kyau. Ni kuwa ina kallon mace tana ƙarewa a cikin ɗaki.

Wata rana Maman Nedu ta tsallako titi.

"Baba Mordekai, ka kawo mini matajin Mama. Tsohon, wanda gashi ya maƙale a ciki."

Na ajiye zarto. A wajenmu gashin da ya zube ba a ba wa kowa. Uwata binne nata take yi a bayan ɗaki. Ko dattijon coci ka ce ya ba ka gashin matarsa, sai ya dube ka daga sama har ƙasa.

"Me za ki yi da shi?"

"Tsafi," in ji ta, ko dariya ba ta yi ba. "Kala nake son gani, Baba. Na tuna ta, amma ni ba na aiki da tunawa."

Na gaya wa Susanna. Ta ce, "Ka kai mata. Me ya rage da za a yi mini?"

Daga shagona na riƙa ganinta a kan kujerar nan, mataji a hannu ɗaya, furfurar kanti a ɗaya. Ta gwada ta nan, ta aika aka kawo ta Kano. Duk ta jefar gefe. Ta ce suna walƙiya a rana kamar zaren kamun kifi, ko makaho zai gane.

Sai ga ta wata azahar a gidanmu a Dogarawa, da leda a hannu, ta ɗaure kai tamau. Ba ta yi sallama ta jira ba. Ta shiga ɗaki ta riƙo hannun Susanna ta fito da ita tsakar gida, ta zaunar da ita a rana, ta ɗora mata hular, ta ɗaura mata ɗankwali a kai.

Farin nan yana wurinsa ta hagu, da faɗinsa, da ɗan ruwan madararsa. Matar da na aura ce zaune.

Susanna ta shafa. Ta sake shafawa.

"Wannan ba na kanti ba ne. Na mutum ne. Na wa?"

Maman Nedu ta hau naɗe leda. Susanna ta miƙa hannu ta zame mata ɗankwali. Kai ƙwal. Gashin nan da duk layinmu ya sani, mai sauka har kafaɗa, baƙi da furfura, wanda ba ta taɓa rinawa ba, babu ko sili.

"Chinwe, kin haukace?"

"Furfurata ta fi taki haske, Mama. Sai da na yi ta jiƙa ta a ruwan shayi kafin ta zo daidai da ta matajin."

"Ba kya tsoro? Gashinki a hannun wata?"

"Tsoron me? Idan kin yi ciwon kai ki aiko mini, mu raba."

Na yi shekara da shekaru ina sassaƙa katako har bayana ya lanƙwashe, ban taɓa yanke wani abu a jikina don aiki ya yi kyau ba. Ban san ana yi ba. Har yau idan na ɗaga kai na ga ɗankwalin Maman Nedu a tsallaken titi, sai guduma ta tsaya mini a hannu.

Maman Nedu, an ce ƙarshen shekarar nan za ki rufe shago, ido ya fara gajiya. Ke ce wadda ba ta taɓa cewa "hakan ma ya yi" ba. Ke ce kika nemi abin da ba a bayarwa, kika bayar da abin da ba a nema. Na gode. Susanna ce ta ce in rubuta, kuma in faɗi sunan ita kanta, kada in ɓoye. Masu sana'a na Sabon Gari da Samaru, yara da manya, ku je ku zauna kusa da kujerar nan kafin a ɗauke ta. Ku koyi duba aiki a rana.

Lahadin da ta biyo bayan ranar da aka sa mata hular, Susanna ta je sujada. Ta ba da waƙa, murya na rawa, amma ta kai ƙarshe. Wata tsohuwa ta riƙe ta ta ce, "Allah ya yi miki gata, ko gashinki ciwon bai taɓa ba." Aka tashi, ta tsaya a harabar coci tana gaisawa da wannan, tana tsokanar waccan. Ƙafata ta fara ciwo.

Na ce, "Susanna, rana ta yi zafi. Mu je gida ki kwanta."

Ko juyowa ba ta yi ba.

"Ka yi gaba, Baban Kefas. Ba zan tafi ba."