Gaisuwar Gogo Lauratu da Na Ƙi Amsawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Maris, 2012, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Hajja Lauratu Muntari a gidanta da ke Umdurman, tsallaken kogi daga Hartum. Mu 'yan unguwar Dar Salam, Gogo muke ce mata.

Gogo, da tabarma ɗaya da 'yan yadudduka kika fara a bakin Kasuwar Libiya, kafin ki kai ga shago uku. 'Yan kasuwa suna tsokanarki, wai ko zare ba kya bari ya faɗi ƙasa. Ba su san aji huɗu na laka kike ginawa a unguwarmu ba, lokacin da babu makaranta ko ɗaya kusa da mu. Ina cikin 'yan ajin farko. Uwata Mero, mai sayar da shayi, ta ƙi da fari. Kika yi mako guda kina zama a bencinta, kina shan shayin da ba ki so, har ta gaji ta sake ni.

Daga baya wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta ɗauke ki aiki. Kin je Chadi da Nijar da Habasha, kina koya wa mata sana'a, kina tsayawa a kan masu haƙa rijiya har ruwa ya fito. Wasu kan dawo da turare. Ke irin zogale da na kuɓewa kike ƙullowa a gefen mayafi, ki raba wa maƙwabta.

Duk wannan kowa ya sani. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne, kuma kunyarsa ta ishe ni.

Shekara uku da suka wuce aka yi taro a wani otal a Hartum. A ofishin da nake aiki babu wanda ya san ni Bahaushe ne. In ana yi wa mutanenmu ba'a, har dariya nake taya su. Ina tsaye da abokan aikina biyu, sai ga ki kin ratso zauren, fuskarki cike da fara'a.

"Idirisu ɗan Mero! Kai ne ka zama haka? Ina innarka?"

Na dube ki, na ce da Larabci, "Hajja, ban fahimci abin da kike faɗa ba."

Kika dube ni, kika dube su. Sannan kika ce, ke ma da Larabci, "Yi haƙuri, ɗana, na ɗauka wani ne." Kika wuce.

Gada ɗaya ce tsakanina da gidanki. Shekara uku ina cewa gobe zan je in durƙusa in nemi gafara, tsoron idonki yana hana ni.

A wurin makoki, bayan mun ɗaga hannu mun yi Fatiha, 'yarki Awadiyya ta ce mini, "Yaya Idirisu, Hajja tana alfahari da kai wallahi. Ranar taron nan ni na je ɗauko ta. Ta shigo mota tana hawaye, ta ce ta gan ka cikin manya, hawayen na murna ne."

Awadiyya, na kasa ɗaga kai in gaya miki, to ga shi na rubuta: ba na murna ba ne. Ni na sa ta kuka, ta kuma rufa mini asiri har a wurin 'ya'yanta.

Ya Allah, Ka suturta ta yadda ta suturta ni. Ka yalwata kabarinta, Ka gafarta mata, Ka sa Aljanna ce makomarta. Awadiyya, Dauda da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ita ba ni da sauran damar roƙonta; ku nake roƙo ku yafe mini.

Gogo, ni ne. Inna tana lafiya.

Idirisu ɗan Mero mai shayi,
Bahaushe, ɗan Dar Salam.