Da'irar da Ta Karkace a Silin Kaka

Jiya Baba ya kawo mai filasta daga Tambuwal don ya shafe silin ɗakin marigayi kakana sumul. Sai na tuna ranar da Kaka ya yi masa ado. Ya ɗora ni kan tebur, ɗanyar filasta mai sanyi tana ɗigo mana a goshi, ya miƙo mini guntun tsintsiya.

"Amarya, murɗa kamar kina tuƙa tuwo. Mai kwance sama shika kallo, a ba shi abin kallo."

Da'irata ta karkace. Ya yi ta dariya, ya hana a gyara.

Ban saba yi wa Baba magana ba, amma jiya na nuna kusurwar da da'irata take na ce, "Baba, a bar wagga." Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a share ƙura kawai.

Allah ya sa abin da Kaka yake kallo yanzu ya fi wannan kyau.