Firjin Inna

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, da an kawo wuta sai ka ji Inna, mahaifiyata, ta ƙwala kira: "A cire firji!" Wutar takan shigo da ƙarfin tsiya, ita kuma da firjin nan take sana'ar zoɓo da ƙanƙara.

A wannan ihun na samo abin da zan bincika a digirina na biyu a fannin ƙididdiga. Tambayar ɗaya ce: injin da ya sha bugun wuta bai mutu ba, yana nan kamar sabo, ko kowane bugu yana barin rauni a ciki? Na bi masu ƙanƙara daga Tarauni har Unguwa Uku ina tambayar yaushe firjinsu ya mutu. Wata Hajiya ta kore ni, wai ina yi wa nata fatan tsiya.

A lokacin ne Inna ta fara faɗuwa. Jiri ya kwashe ta, baki ya ɗan karkace, kafin la'asar ta miƙe tana ƙulla zoɓo. In na ce mu je asibiti, ga shi nan kusa da mu, sai ta ce, "Kai, rabu da ni! Jikina ya saba." Haushi kamar ya kashe ni.

Da sakamakon ya fito, har soro na tare ta. Na ce, "Inna, babu wani sabo. Firjin da ya sha bugu da yawa ya fi saurin mutuwa a bugu na gaba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "To Malam, yanzu ni ce firjin? Ga nawa can, ya girmi ƙanwarka, yana ta gurnani."

Amma ta yarda. Ta ce bayan Sallah za mu je, in cinikin azumi ya wuce. Na yi murna, wallahi, na ɗauka na ci nasara. Har yau ina takaicin murnar nan.

Ba ta ga Sallah ba. Faɗuwar ƙarshe ta same ta da hantsi, tana wanke robobi.

Firjin yana nan, yana aiki. Jiya aka kawo wuta, muna zaune a tsakar gida ni da ƙanwata. Muka ɗaga kai, kowa yana jiran a ce a cire.