Raken da Nake Bar wa 'Yan Rawaya

Duk shekara, da an gama girbin gero ruwa ya ɗauke, sai su iso lambuna na fadama. Ƙananan tsuntsaye ne, ba su kai gwara kauri ba, ciki rawaya, ga doguwar jela da ba ta hutawa, sama da ƙasa wuni guda. Ba sa tsalle irin na gwara, da ƙafa suke gudu tsakanin albasa. Bakinsu siriri ne kamar tsinke, ba ruwansu da hatsi, ƙwari kawai suke ci. In shanu sun sauko shan ruwa za ka gan su a gindin kofato suna cafkar ƙuda. An ce sai sun ƙetare hamada suke zuwa. Kafin damina kuma sun ɓace. Mu dai 'yan rawaya muke ce musu.

Da magariba sukan taru su kwana cikin raken da ke kusurwar lambun. Saboda su nake barin wannan kusurwa ban sare ba sai sun tafi. Matata ta sha yi mini tsiya, wai na zama mai masaukin baƙin da ko sallama ba sa yi. Ban taɓa nuna wa kowa makwancin ba, don na san masu kamun tsuntsun jan-baki mai ɓarnar gero, waɗanda ke soyawa su kai kasuwa, ragarsu ba ta tambayar wane ne ya ci gero.

Shekarar da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti a Kano, na bar lambun a hannun aminina, wanda muka taso tare. Na ja shi har bakin raken da yamma, ya ga yadda suke zubowa. Na ce, "Ban-ruwa kawai za ka yi. Wannan kuma amana ce, kada kowa ya ji." Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba mutumina! Tafi abinka."

Ranar da na dawo, ranar kasuwar Ɗanbatta ce. Ina sauka daga mota na hange shi zaune kusa da mai faranti, an jera soyayyun tsuntsaye an barbaɗa yaji. Na matsa don mu gaisa, sai idona ya faɗa kan farantin. Bakin jan-baki gajere ne mai kauri. Na waɗannan kuwa duk sirara ne, ga dogayen ƙafafu. Na juya wurin aminin nawa.

Na ce, "Daga ina waɗannan?"

Ko sunkuyar da kai bai yi ba. Ya ce, "Kai ma dai! Tsuntsu ne fa, ba na kowa ba. Ko yaya dai tafiya za su yi."

Da ya kama hannuna ya ce tsautsayi ne, wallahi da na haƙura. Maimakon haka sai ya zaɓi manya guda biyu, ya naɗe a takarda ya miƙo mini, wai in kai wa Inna ta ɗan ji daɗin baki, tunda ba ta da lafiya.

Ban karɓa ba. Na wuce lambu da jakata a kafaɗa. Albasa ta sha ruwa sosai, ba zan yi masa ƙarya ba. Na zauna a bakin raken har aka kira magariba. Guda uku suka zo, suka zagaya, suka ƙi sauka.