Ranar da Aka Kewaye Shagon Yayana

Mu uku Inna ta haifa, yayana ne babba, ni ce auta. Ya koyi ɗinki a Yamai yana saurayi, ya dawo Filingue ya buɗe shago a bakin kasuwa, kusa da masu sayar da tabarmi. Hannunsa na da kyau a ɗinkin mata. Daga ƙauyukan Kurfai har Abala ana kawo masa atamfa da shadda, in sallah ta matso kuwa sai ka rasa inda za ka aje ƙafa a shagon. Ni ina koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, in na tashi da rana nakan bi ta wurinsa in sha ruwa mu ɗan taɓa hira. Mutum ne mai barkwanci, ko tsohuwa ta shigo da faɗa sai ta fita tana dariya.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai san ya sayi babbar wayar salula, kuma akwai wani abokinsa direban motar Yamai da ke zuba masa abubuwa a ciki. Da fari waƙoƙi muke ji da wa'azi. Daga baya sai na lura in na yi sallama yakan kife wayar a kan keken ɗinki kafin ya amsa. Hira ta ragu. Idanunsa kullum jajur. Ana kiran azahar a masallacin kasuwa, maƙwabtansa su wuce da butocinsu, shi ya ce yana tafe, ba ya zuwa. Wata rana a gabana ya yanka shaddar wata hajiya ba daidai ba, mutumin da ko da ido ya dube ka ya san awonka.

Wata Juma'a da la'asar matarsa ta zo gidana. Mace ce marar yawan magana, ƴaƴansu biyu a lokacin. Ta zauna bakin tabarma, na kawo mata hura ba ta taɓa ba.

"Auta," ta ce, "akwai maganar da ban iya kai ma Inna. Ke kin yi karatu, wataƙila kin san maganinta."

Na ce ina jin ta.

"Na ga abin da yayanki ka kallo cikin wayar nan. Mata da maza tsirara. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba." Ta ja bakin mayafinta ta rufe baki. "Yanzu shina son in yi mai abubuwan da ban taɓa ji ba. In na ƙiya shi ce ni baƙauya ce, shi yi kwanaki bai ce mini uffan ba. In ya dube ni ma, wallahi ban san wa yake gani ba."

Kunya ta kama ni kamar ni aka kama. Washegari na same shi a shago babu kowa, na ja kujera na zauna, na faɗa masa abin da na ji, ban ce daga wurin wa ba. Bai ɗago kai daga keken ba.

"Ke uwata ce ko ƙanwata?"

"Ƙanwarka ce, Yaya. Shi ya sa na zo da kaina."

"To tashi ki tahi lakkwal ɗinki. Kowane namiji a garin nan na da irin shi a waya. Ni kaɗai kunka gani?"

Ya taka keken da ƙarfi don kada ya ji sauran maganata. Na fita. Daga ranar in na gaishe shi sai ya amsa da ka. Na yi shawarar in faɗa wa Baba, na ɗaga, na sake ɗagawa, don Baba na ƙauye wajen gona kuma hawan jini na damunsa.

Ranar kasuwa ce, gab da faɗuwar damina, zafi kamar ya tsaga ƙasa. Ina wurin masu kayan miya ina zaɓen tattasai, sai wata mai sayar da daddawa ta dafa ni.

"Madam, aje tattasan nan ki ruga shagon yayanki. Za su kashe shi."

Na bar kwandona a nan. Tun daga nesa na hango taron, har hanyar masu tabarmi ta toshe. Maza ne mafi yawa, wasu da sanduna, wani da ƙotar gatari. Mata sun tsaya gefe guda suna salati. Na dinga kutsawa ina cewa a ba ni hanya, wani ya ce, "Ga ƙanwar tashi nan," sai na ji idanu sun juyo kaina.

Yayana na durƙushe a ƙofar shago, rigarsa a yage, leɓensa na jini. A kansa wani dogon mutum ne mai rawani, dillalin shanu daga wani ƙauye ta wajen Abala, ya riƙe wayar a sama da hannu ɗaya. Matarsa na bayansa, yarinyar mace da ciki ya fara fitowa. A bakin mutane na tsinci abin da ya faru. Ta zo karɓar ɗinki, ya ce ta shiga bayan labule ta gwada, kamar yadda kowace mace ke yi. Tana cikin tuɓe riga sai ta ga wani abu na ƙyalli a cikin tarin atamfofin da ke kan katako. Ta ja, sai ga waya an cusa ta tsakanin turame, idonta na kallon wurin, tana ɗaukar hoto. Ta fito da ita a hannu tana kuwwa.

Kallon da yake yi a waya na sani. Ban taɓa kawo wa raina ya kai ga wannan ba.

"A buɗe ta!" wani ya ce daga baya. "A buɗe mu ga matan wa da wa ke ciki!"

Nan take taron ya ɗauka. Wani mahauci da na sani, matarsa a nan take kawo ɗinki, ya matso yana miƙa hannu. Wani ya ce shi ma ɗiyarsa ta zo nan kafin sallah. Na dubi gefen da mata suke, na ga fuskoki da yawa da na sha gani a shagon, har da uwayen ɗalibaina. Babu mai salati kuma.

Ban san lokacin da na isa gaban dillalin ba. Na durƙusa kusa da yayana, na ce, "Alhaji, don girman Allah. Ya yi laihi, ban zo kare shi ba. Amma kada ka bari a buɗe wayar ga cikin kasuwa."

Ya dube ni, idanunsa sun kaɗa. "Ke wa ce?"

"Ƙanwarsa."

"Kin san abin da yake yi?"

"Wanga ban san shi ba. Wallahi ban san shi ba."

Wani ya kai wa yayana sanda a kafaɗa, na ji ƙarar a jikina. Mahaucin ya riƙo hannun dillalin yana neman fizge wayar. Daidai nan limamin masallacin kasuwa ya iso, tsoho ne ƙwarai, ana riƙe masa hannu. Bai ɗaga murya ba, amma da mutane suka gan shi sai hayaniyar ta ɗan lafa.

"Wanda duk ya buɗe wayar nan ya kalla," ya ce, "ya yi abin da telan nan ya yi, ya ƙara da yin shi gaban jama'a. Ɗana, matarka na ciki. Kana son kasuwar Filingue ta gan ta?"

Dillalin ya waiwaya ya dubi matarsa. Ta girgiza kai, hawaye na zuba. Sai ya ture hannun mahaucin, ya shiga shagon. Dutsen gugar yayana na nan a ƙasa da garwashi a ciki. Ya buɗe shi, ya ɓalle bayan wayar, ya zare ɗan katin da ke ajiye hotuna ya jefa cikin wutar. Ita kuma wayar ya aza ta a kan dakali ya dinga dukanta da dutse har ta zama gutsattsari. Warin roba ya cika wurin.

Wasu ba su so haka ba. Aka fara cewa an ɓoye shaida, a ba su yayana kawai. Allah ya taimaka jandarmomi suka iso, suka jefa yayana a bayan mota. Ban taɓa zaton zan yi hamdala don an kama ɗan'uwana ba, amma ranar na yi.

Na ɗauka ƙona katin zai kashe maganar. Ashe hura ta ya yi. Tunda ba wanda ya ga abin da ke ciki, duk macen da ta taɓa shiga bayan labulen nan sai ta zama abin zargi. Ana ta raɗe-raɗin ya tura wa abokinsa direba, wai hotunan sun kai Yamai. Babu wanda ya tabbatar, babu kuma wanda ya iya ƙaryatawa. Wani maƙwabcinmu ya doki matarsa a kan me ya sa ba ta lura ba. Wata budurwa da ake shirin bikinta, dangin angon suka fara ja da baya. Sauran teloli na kasuwa suka cire labulensu, duk da haka mata suka daina zuwa awo, sai dai su aiko da tsohuwar riga. Inna ta daina fita ko suna. Matar yayana ta kwashe ƴaƴanta ta koma gidansu, ban ga laifinta ba.

Yayana ya yi kwanaki a tsare. Baba ya zo daga ƙauye da dattawa, aka yi ta zarya tsakanin jandarmomi da mai gari da dangin dillalin, har aka sake shi a kan ba zai ƙara buɗe shago a garin ba. Baba bai zage shi ba. Ya dai miƙa masa hauya ya ce ya wuce gaba.

Da aka yi hutun lakkwal na bi su ƙauye. Hatsi ya kai gwiwa. Na same shi a gona ya zauna gindin gawo, ya rame, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Na aje masa ƙwaryar hura, na zauna kusa da shi. Shi ya fara magana.

"Da fari dariya muka riƙa yi, ni da abokaina. Daga baya na koma kallo ni kaɗai. Abin da ya ishe ni jiya, yau ba shi isa ta. Na sha gogewa in yi rantsuwa, kafin la'asar na koma neman wani. Har ta kai in mace ta shigo shago ban jin abin da take cewa. Ranar da kinka zo, na san gaskiya kika faɗi. Ji na yi kamar in shaƙe ki."

"Ka tura ma wani?"

"Ban tura ba."

Akwai tambayar da ta hana ni sukuni tun ranar kasuwar. Ni ma a bayan labulen nan nake gwada kayana. Na daɗe ina juya ta a baki kafin ta fito.

"Yaya, ni hwa?"

Ya rufe fuska da hannuwansa. "A'a. Wallahi a'a, Auta."

Na so in yarda. Wani lokaci ina yarda. Amma na tashi daga gindin gawon nan na san ba zan ƙara zama da shi mu yi dariya kamar da ba.

Yana ƙauye har yanzu. Yana noma, da rani yana ɗinka wa maza riguna a zaure, ƙofa a buɗe. Ƴar ƙaramar waya mai maɓallai yake riƙewa. Baba ya taɓa kama shi da aron babbar wayar wani saurayi, aka sake sabon tashin hankali, daga nan limamin ƙauyen ya ja shi jiki suna zama tare bayan sallah. Matarsa ta dawo bayan damina ta zagayo, bisa roƙon iyaye. Tana yi masa abinci, tana amsa gaisuwarsa. Ta ce mini ba ta san ko ta yafe ba, tana dai zaune ne.

Bara na shiga motar Yamai zan je wani taron malamai. Aka matsa mu a kujerar baya, wata mace da yaro a cinya ta zauna kusa da ni. Sai da mota ta tashi na gane ta. Matar dillalin ce. Ita ma ta gane ni, na ga yadda ta janye kafaɗarta. Muka yi tafiya mai nisa a haka. Da direba ya tsaya a hanya don a yi sallah, kowa ya sauka, mu biyu muka rage.

Na ce, "Ki yi haƙuri da abin da munka yi miki."

Ta gyara wa yaron hula. "Ba ke kika yi ba." Ta ƙara da cewa, "Ko a ɗakina, sai na duba bango da rufi kafin in tuɓe. Ranar da na je haihuwar wanga, sai da na sa ungozoma ta fitar da wayarta waje."

Yaron ya fara kuka. Ta juya mini baya, ta lulluɓe shi da mayafi ta ba shi nono. Fasinjoji suka dawo, mota ta tashi. A tashar Yamai ta sauka ta bi wata hanya, ni ma na bi tawa.